Babi na Bakwai: Yadda Birkin Iska Yake Aiki a Manyan Motoci

Duk wanda ya taɓa zama kusa da inda tireloli da tankokin mai suke kwana ya san ƙarar nan mai kama da hucin maciji da take fitowa daga ƙarƙashin mota idan direba ya ɗaga ƙafarsa daga birki. Iska ce take fita bayan ta gama aikinta, kuma da ita ake tsayar da motar da ta ɗauko buhun siminti 600, wato tan 30. Ƙananan motoci suna amfani da man birki, amma nauyin tirela ya fi ƙarfin wannan tsari, shi ya sa aka koma ga iska, wadda ba a sayenta, ba ta ƙarewa a duniya, kuma ana iya kai ta daga kan mota zuwa bodi, wato ɓangaren da ake ja mai ɗauke da kaya, ta tiyo, a cire a mayar ba tare da wahala ba. Wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse ne ya ƙirƙiro birkin iska a shekarar 1869 domin jiragen ƙasa, daga baya aka kawo dabarar cikin manyan motoci.

An rubuta wannan babi domin direba da yaron mota da mai koyon kanikanci, har da mai motar da yake biyan kuɗin gyara. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, birkin iska ba kasafai yake tsinkewa haka kawai ba. Kafin ya ƙi aiki yakan daɗe yana nuna alama, sai dai idan ba a san alamar ba.

Hanyar da iska take bi

Aikin yana farawa daga kwamfiresa, wato famfon da injin mota yake juyawa, wanda yake zuƙo iska yana matse ta cikin tankuna. Muddin injin a kashe yake, babu sabuwar iskar da take shiga tanki. Akwai wani ƙaramin bawul mai tsaron awo, wanda yake dakatar da kwamfiresa idan tankuna sun cika, ya kuma sake tayar da ita idan iska ta ragu. A motocin Amurka irin su Mack, agogon iska yana nuna awon da ake rubuta PSI, irin wanda masu faci suke auna taya da shi, kuma kwamfiresa takan dakata a wajen 125, ta sake kamawa a wajen 100. Motocin Turai irin su DAF da MAN da Mercedes suna nuna awon da ake kira bar, kuma bar ɗaya daidai yake da PSI 14 da rabi. Don haka direban da ya saba da wata mota ya koma wata, wajibi ne ya fara sanin da wane awo agogonsa yake magana.

Iskar da aka matse tana ɗauke da tururin ruwa, kuma idan ta huce a cikin tanki sai ruwan ya kwanta a ƙasa, ya gauraya da ɗan man da yake tsiyayowa daga kwamfiresa. Wannan ruwa yana cin ƙarfe da tsatsa, yana toshe bawul, yana kuma rage wurin da iska za ta zauna. Motocin zamani suna da na'urar busar da iska kafin ta isa tanki, amma duk da haka kowane tanki yana da ɗan famfo a gindinsa, kuma ƙa'ida ita ce a buɗe shi kullum bayan an tashi aiki, musamman da damina da kuma ga motocin da suke zuwa Legas da Fatakwal inda iska take da laima. Aiki ne da bai kai minti biyar ba, amma ya fi kowane aiki shan mantuwa.

Abin da yake faruwa idan aka taka birki

A ƙaramar mota ƙarfin ƙafar direba yana cikin abin da yake kama taya. A babbar mota kuwa abin takawar bawul ne kawai, wato ƙofa ce da direba yake buɗe wa iska, kuma gwargwadon takawarsa gwargwadon iskar da za ta wuce. Iskar takan bi tiyo ta isa wata tukunyar ƙarfe da ke kusa da kowace taya, ta tura wani faifan roba da ke ciki, shi kuma ya tura sandar ƙarfe waje. Sandar tana tura hannun saiti, wato hannun ƙarfen da ake saita birki da shi, hannun ya murɗa wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar harafin S, wannan ƙarfe kuma ya buɗa wasu ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda aka manna wa abin gogawa da ake kira lainin. Lainin ne yake matse cikin gangar ƙarfen da take juyawa tare da taya har motar ta tsaya. Da zarar direba ya ɗaga ƙafa, iskar da ta yi aiki sai ta fice waje, ba ta komawa tanki, kuma ita ce hucin da muka ambata.

Domin a gane ƙarfin da ke cikin wannan tsari, tukunyar da aka fi sa wa a tayoyin baya tana da faifai mai faɗin murabba'in inci 30, kuma idan iska mai awon PSI 100 ta tura shi, ƙarfin turawar ya kai kilo 1,360, kwatankwacin nauyin buhun siminti 27 a kan sanda guda. Amma iska tana da jinkirin da man birki ba shi da shi, domin takan ɗauki kimanin rabin daƙiƙa kafin ta isa tayoyi. Motar da take gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 11 a cikin wannan rabin daƙiƙa tun birki bai fara kamawa ba. Masu babura da ƙananan motoci da suke shan gaban tirela su yanko mata dab da hanci ya kamata su san wannan lissafi.

Tsakanin kan mota da bodi akwai tiyo biyu. Jan tiyo shi ne yake cika tankin bodi, ɗayan kuma, mai ruwan ɗorawa a motocin Turai ko shuɗi a na Amurka, shi ne yake kai umarnin taka birki. Idan bodi ya rabu da kai a kan hanya jan tiyo ya tsinke, birkin bodi yakan kama da kansa.

Birkin sifirin

A bayan tukunyar tayoyin baya akwai ɗaki na biyu mai ɗauke da wani ƙaƙƙarfan sifirin, kuma nan ne hikimar tsarin take. Wannan sifirin kullum so yake ya kama birki, iska ce take danne shi ta hana shi. Idan direba ya ja birkin hannu, iskar ce ya saki, sifirin ya miƙe ya damƙe taya. Haka kuma idan tiyo ya fashe iska ta zube, fitila da ƙararrawar gargaɗi za su fara sanar da direba, a motocin Amurka kafin awo ya sauka ƙasa da PSI 60, sannan idan ya faɗo tsakanin 45 da 20 sifirin zai kama da kansa. Wannan ne dalilin da ya sa motar da ta kwana iskarta ta zube ba ta motsi da safe sai an bar injin ya cika tankuna.

Wasu suna jin wannan bayani sai su saki jiki, su ce ai ko iska ta ƙare mota za ta tsaya. Wannan kuskure ne mai haɗari. Sifirin yana bin sanda ɗaya da lainin ɗaya da birkin ƙafa, saboda haka idan saiti ya saki ko lainin ya cinye ko ganga ta yi zafi, shi ma ba zai riƙe ba. Akwai kuma wani ƙusa da ake ɗaure sifirin da shi idan za a ja motar da ta lalace zuwa gareji, kuma duk motar da aka mayar kan hanya ba a kwance wannan ƙusa ba, tana tafiya ne babu birkin hannu babu na gaggawa a wannan taya. Ga masu koyon kanikanci kuma ina jan kunne da babbar murya: kada a taɓa buɗe ɗakin sifirin, domin ƙarfin da ke matse a ciki ya isa ya kashe mutum nan take. Idan ya lalace, sabo ake sakawa.

A kan gangare

Direbobin da suke saukowa daga Jos ta Hawan Kibo zuwa Akwanga sun san cewa gangare mai tsawo shi ne jarrabawar birki. Gogayyar lainin da ganga tana haifar da zafi, kuma idan aka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, ganga takan buɗe saboda zafi ta yi nesa da lainin, shi kuma lainin ya yi santsi, sai direba ya ga agogon iska a cike amma mota ta ƙi tsayawa. Wanda kuma yake ta dannawa yana saki da sauri, iskar tanki yake zubarwa fiye da yadda kwamfiresa za ta iya mayarwa.

Hanyar da ta dace ita ce a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarawa, a bar injin ya riƙe mota, a kuma yi amfani da birkin inji, wato na'urar da take sa injin ya ƙara riƙe mota, idan motar tana da shi. Idan gudu ya kai iyakar da direba ya ɗibar wa kansa, sai ya taka sosai har ya ragu da kimanin kilomita 8 a awa, sannan ya saki domin ganga ta sha iska. Mafi munin ɗabi'a ita ce cire giya a gangare domin a rage shan dizal, saboda injin ya daina riƙe mota, kwamfiresa kuma ta koma juyawa a hankali a daidai lokacin da aka fi bukatar iska. Idan an sauko birki yana hayaƙi, a tsaya a wuri mai shimfiɗa, a sa weji, a bar shi ya huce da kansa, domin zuba wa ganga mai zafi ruwa yana iya tsaga ta.

Aikin da za a gwada

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya nemi izinin wani direba ya gwada wannan tare da shi, bisa awon da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa weji gaba da bayan taya, a bar tankuna su cika, sannan a kashe inji a saki birkin hannu. A taka birki a riƙe, a jira allurar agogo ta natsu, sannan a ƙirga minti ɗaya. Idan iska ta ragu fiye da PSI 3 a motar da ba ta da bodi, ko fiye da 4 a tirela, akwai inda take zuba, kuma ruwan sabulu da aka shafa a mahaɗar tiyo zai nuna wurin ta hanyar kumfa. Bayan haka a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a yi ta taka birki ana saki, a lura da awon da ƙararrawa ta yi kuka. A ƙarshe a sake cika tankuna, a kashe inji, a tabbata wejin yana nan daram, a ja hannun saiti na kowace taya da hannu, kuma duk wanda ya motsa fiye da inci ɗaya a rubuta tayarsa a takarda a kai wa makanike.