Hanyar da nas mai rajista ke bi ta kai matsayin FNP a Amurka

A tsarin kiwon lafiya na Amurka akwai nas da doka ta ba ta ikon ganin majiyyaci da kanta, ta saurari kokensa, ta duba jikinsa, ta tura shi gwaji, ta faɗi abin da ke damunsa, sannan ta rubuta masa magani. Wadda ta ƙware a kan kula da iyali baki ɗaya, daga jinjiri har dattijo, ita ake kira Family Nurse Practitioner, ko FNP a taƙaice. Aikin nas mai irin wannan iko ya samo asali ne a Jami'ar Kolorado a 1965, lokacin da wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka kafa shirin horar da nas-nas domin cike giɓin ƙarancin likitoci. Bayanin da ke tafe ya shafi mace da namiji daidai, ko da yake za a riƙa cewa "ta" saboda mata ne suka fi yawa a sana'ar.

Tushen tafiyar shi ne lasisin nas mai rajista (RN) mai aiki wanda babu wani hukunci a kansa, tare da digirin farko na jinya, wato BSN. Wadda ta shiga aikin da takardar karatun shekara biyu ta ADN sai ta fara cike gurbin digirin, ko kuma ta nemi makarantar da ke haɗa matakan biyu a shiri ɗaya. Nas da ta yi karatu a Najeriya ko Gana tana da ƙarin aiki a gabanta, domin dole a tantance takardunta ta hannun hukuma irin su TruMerit, wadda a da ake kira CGFNS, ta ci NCLEX-RN, jarrabawar zama nas mai rajista, ta sami lasisin wata jiha, kuma idan difloma ta makarantar koyon jinya take da ita ba digirin jami'a ba, to akasari za a ce ta kammala BSN tukuna. Yawancin makarantu suna neman matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0, da wasiƙun shaida daga shugabanni a wurin aiki, da rubutaccen bayani kan dalilin neman gurbin. Wasu suna sharaɗin shekara ɗaya ko biyu ta aiki a gefen gadon majiyyaci, wasu kuwa ba sa yi. A ganina, ko makaranta ba ta nema ba, gara a yi waɗannan shekaru, domin wadda ta daɗe tana lura da yadda jikin majiyyaci ke rikicewa cikin dare ta fi saurin gane alamar haɗari ranar da za ta zauna ita kaɗai da mara lafiya a ɗakin duba.

Digirin da za a nema iri biyu ne. Akwai digiri na biyu, MSN, wanda kan ɗauki shekara biyu zuwa uku, akwai kuma digirin dokta na aikin jinya, DNP, wanda kan ci shekara uku zuwa huɗu ga wadda ta taso daga BSN. Tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta goyi bayan a mayar da DNP ya zama matakin shiga wannan aiki, amma har yanzu hukumomin jarrabawa suna karɓar MSN, kuma masu digirin biyu jarrabawa ɗaya suke rubutawa. Wadda burinta duba marasa lafiya ne kawai, MSN ya wadatar da ita, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Wadda ke hangen shugabanci ko koyarwa nan gaba tana iya ɗaukar DNP tun farko, ko ta ƙara shi daga baya.

Zaɓen makaranta shi ne inda ake samun nasara ko a yi asara, kuma nan ne ya kamata a fi natsuwa. Abu na farko da za a tabbatar shi ne cewa shirin yana da amincewar hukumar tantance karatun jinya, kamar CCNE ko ACEN, domin idan ba shi da ita, ba za a bar ɗaliba ta zauna jarrabawar ƙwarewa ba, kuma duk kuɗin da ta kashe ya tafi a banza. Kada a dogara da abin da makaranta ta rubuta game da kanta. A shiga jerin da hukumar ta wallafa a duba sunan shirin. Wadda za ta yi karatu ta intanet a makarantar da ke wata jiha sai ta ƙara tambayar ko an yarda wa makarantar ta horar da ɗalibai a jihar da take zaune, saboda ba kowace jiha ce ke ba da wannan izini ba.

Tambaya mafi nauyi kuwa ita ce: wa zai samo wurin horo da wanda zai jagoranci horon? Kowace ɗaliba sai ta yi ɗaruruwan sa'o'i tana duba marasa lafiya a ƙarƙashin idon ƙwararren likita ko gogaggiyar nas mai irin wannan matsayi. Mafi ƙarancin abin da hukumomin jarrabawa suka daɗe suna nema shi ne sa'a 500, sabon mizanin ingancin karatu da aka fitar a 2022 ya ɗaga adadin zuwa 750, mai DNP kuma tana buƙatar sa'a 1,000 na aikin horo bayan digirin farko. Waɗannan sa'o'i ba a wuri ɗaya ake tara su ba, tunda FNP na kula da kowane rukuni na iyali: sai an zaga asibitin manya, da na yara, da na lafiyar mata. Wasu makarantu suna da asibitocin da suka ƙulla yarjejeniya da su, su ne ke tura ɗaliba. Wasu kuma, musamman cikin masu koyarwa daga nesa, sukan bar wa ɗaliba mafi yawan wahalar neman jagora, ta yi ta bin asibitoci tana roƙo, wani lokaci zango ya wuce ba ta samu ba, kammalawarta ta ja baya, kuɗin makaranta yana ƙaruwa. Jagoran horo na ɓangaren yara da na mata su ne suka fi wuyar samu. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a nemi amsa a rubuce: shin makaranta ce ke samo wuri, me take yi idan jagora ya janye a tsakiyar zango, kuma kashi nawa na ɗalibanta ke cin jarrabawar ƙwarewa a zaman farko? Makarantar da ta yi ta kewaye-kewaye a kan waɗannan tambayoyi, a bar ta a nemi wata, ko da kuɗinta ya fi sauƙi.

Darussan aji suna farawa ne da ginshiƙai uku da babu wadda za ta tsallake: zurfafan ilimin yadda cuta ke aiki a jiki, zurfafan ilimin magunguna, da ƙwarewar duba lafiyar mutum daga kai har ƙafa. Ilimin magunguna ne ya fi ba ɗalibai wuya, domin bambancin miƙa maganin da likita ya rubuta da zaɓen maganin da kanka, tare da la'akari da ƙodar majiyyaci da shekarunsa da sauran magungunan da yake sha, ba ƙarami ba ne. Ana iya haɗa shekarar farko da cikakken aiki, amma da zarar horon asibiti ya kankama, wanda galibi da rana ake yin sa a ranakun aiki, yawancin ɗalibai sai sun rage sa'o'in aikinsu ko sun koma aikin ƙarshen mako. Yana da kyau a yi wannan lissafi da iyali tun da wuri.

Game da kuɗi, a fara tambayar asibitin da ake wa aiki, domin da yawa suna biyan wani kaso na kuɗin karatu bisa sharaɗin ci gaba da aiki da su. Gwamnatin tarayya kuma tana da shirye-shiryen NHSC da Nurse Corps, masu ba da tallafin karatu ko taimakon biyan bashin karatu ga wadda ta amince ta yi aƙalla shekara biyu a yankin da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Sai dai suna da sharuɗɗa kan matsayin zama a ƙasar, waɗanda baƙuwa za ta karanta da kyau.

Bayan kammala karatu sai jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa, wadda hukumomi biyu ke shiryawa. Ta AANPCB tana da tambayoyi 150 cikin sa'a uku, wadda ta ci kuma za ta riƙa rubuta FNP-C a bayan sunanta. Ta ANCC tana da tambayoyi 175 cikin sa'a uku da rabi, tana ba da laƙabin FNP-BC. Jihohi suna karɓar kowace daga ciki, kuma takardar tana aiki na shekara biyar kafin a sabunta ta. An fi samun sauƙi idan aka zauna jarrabawar cikin 'yan watannin farko, tun karatu bai fara dusashewa ba.

Cin jarrabawa ba ya ba da izinin fara aiki. Sai an nemi lasisin APRN, wato na nas mai babbar ƙwarewa, daga hukumar jinya ta jihar da za a yi aiki, kuma lasisin RN na haɗin gwiwar jihohi, wanda ke ba nas damar aiki a jihohi da dama, bai rufe wannan mataki ba. Haka nan ana buƙatar lambar NPI domin hulɗa da kamfanonin inshora, da rajistar DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga wadda za ta rubuta magunguna masu tsananin sa ido. Iyakar ikonta ya danganta da jiha: fiye da rabin jihohin, irin su Arizona da Oregon da Minnesota, sun amince ta kai ga yin aiki ba tare da kulawar likita ba, wasunsu bayan wani wa'adi na gogewa, alhali a jiha kamar Texas dole ta ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da likita kafin ta rubuta magani. Wadda ke da niyyar buɗe asibitinta wata rana sai ta karanta dokar jihar tun kafin ta cike takardar neman gurbin karatu.