Yadda ake miƙar da ƙahon sa a yi ƙotar wuƙa da shi

Raina yakan ɓaci in na ga ƙahonin shanu zube a bayan mayanka a Tawa, alhali wuƙaƙenmu ƙotar roba gare su, wadda rana ɗaya kan murhu ta narke. Ƙaho ba ƙashi ba ne. Abin da ya yi gashi da farce da kofato, wato keratin, shi ya yi shi, an jera shi falle kan falle kamar albasa. Shi ya sa yake shan bugu bai tarwatse ba, kuma zafi da ruwa ke tausasa shi. Ƙashi kuwa wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne: ya fi ƙaho tauri, amma wuta ba ta lanƙwasa shi, sai dai ta sa ya yi gautsi.

Ka nemi ƙahon babban sa. Na jajayen shanun Bororo ya fi ba da faɗi, na Azawak gajere ne. Akwai ƙashi a cikin ramin kowane ƙaho. Dafa shi a tsohuwar tukunya, can nesa da gida saboda wari, sannan ka buga gindinsa a kututture har ƙashin ya zame.

Yanke tsinin da zarto ka ajiye, shi ba rami gare shi ba, ƙota ce guda. Sauran ka tsaga shi a tsaye, ka jiƙa a ruwa kwana uku zuwa mako.

A wajen gasa ƙahon ake yin asara. Tafasasshen ruwa bai wuce digiri 100 ba, siririn ƙaho kawai yake iya tausasawa. Mai kauri sai garwashi. Riƙe shi da awartaki sama da wutar, kana juyawa ba tsayawa, kana danna gefensa da itace. In ya fara ba da kai kamar jiƙaƙƙen ƙirgi, ya isa. In ka ji ƙauri irin na ƙonannen gashin kai ko ka ga fuskarsa tana kumfa, ya ƙone, kuma wurin nan ba ya komawa daidai. Tun da zafinsa ka buɗe shi a hankali, ka sa tsakanin katako biyu, ka ɗora babban dutse, ka bar shi ya kwana.

Kada ka shanya a rana, musamman da hunturu. Wajensa zai riga cikinsa bushewa, sai fallayen su rabu. Inuwa yake so, mako biyu ko fiye.

Daga nan ka yanka fallaye biyu daidai ƙarfen wuƙar, tsawonsu ya bi tsawon ƙahon, domin ta nan ƙarfinsa yake. Ka huda rami kafin ka sa ƙusa. Wanda ya buga kai tsaye zai ga tsaga ta bi layi har ƙarshe. Goge da magagari, ka shafa man gyaɗa kaɗan. Uwargida ta sani kada ta bar wuƙar kwance cikin ruwan wanke-wanke, don ƙotar za ta sha ruwa ta nemi komawa lanƙwasarta ta dā.