Babi na 6: Barci da Yanayin Zuciyar Mace Matashiya

Darasi na 1: Awa nawa ya kamata ki yi?

'Yar uwa, buɗe littafin rubutunki, ki ɗauki fensir. Yarinya mai shekara 14 zuwa 17 tana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Daga shekara 18 zuwa sama, awa 7 zuwa 9. Rubuta wanda ya dace da shekarunki a saman shafi.

Idan barci ya gaza, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai danne fushi da tsoro yakan yi rauni. Shi ya sa ƙaramar magana take ɓata miki rai, ki yi wa yara tsawa, ko hawaye ya zo ba dalili. Bincike ya nuna mai fama da rashin barci na tsawon lokaci ya fi mai samun barci haɗarin kamuwa da ciwon damuwa kusan ninki biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ciwon ya fi kama mata. Damuwar ita ma tana hana barci, sai ɗaya ya riƙa ƙara wa ɗaya ƙarfi. Idan barci ya ƙaru, mata da yawa sukan ji ƙuncin ya ragu, haƙuri ya ƙaru.

Darasi na 2: Ƙirga awoyin barcinki

A nan aka fi yin kuskure, don haka za mu tafi a hankali. Ja layi ki raba shafi gida huɗu: lokacin barci, lokacin tashi, awa nawa, yadda na ji. A gida na farko lokacin da barci ya ɗauke ki za ki rubuta, ko da kintace ne. Lokacin da kika hau gado kina danna waya ba ya cikin lissafi.

Agogo idan ya kai 12 sai ya koma 1. Saboda haka ba a ɗebe ƙaramar lamba daga babba. Lissafin gida biyu ne. Ƙirga daga lokacin barci zuwa 12 na dare. Sannan ƙirga daga 12 zuwa lokacin tashi. Sai ki haɗa.

Misali: kin yi barci ƙarfe 10, kin tashi ƙarfe 5 don sallar asuba. Daga 10 zuwa 12, awa 2. Daga 12 zuwa 5, awa 5. Haɗa 2 da 5, awa 7 ke nan. Wadda ta ɗebe 5 daga 10 za ta samu 5, kuma ba daidai ba ne.

Mu sake. Barci ƙarfe 9, tashi ƙarfe 5. Tsaya a 12 tukuna: awa 3. Daga 12 zuwa 5: awa 5. Duka 8. Yi da yatsu, ba abin kunya ba ne. Ki ɗaga yatsa ɗaya a kan kowace awa, idan kin kai 12 ki dakata, ki rubuta, sannan ki ci gaba.

Ki gwada wannan da kanki: barci ƙarfe 11, tashi ƙarfe 4. Kin tsaya a 12? Idan kin samu 5, madalla. Idan ba ki samu ba, goge ki sake, ki tsaya a 12.

Sai dai idan barcin ya ɗauke ki bayan 12, kamar ƙarfe 1, ƙirgar gida ɗaya ce: daga 1 zuwa 5, awa 4.

A gida na huɗu rubuta kalma ɗaya tak: daɗi, fushi, kasala ko ƙunci. Ki cika shi kullum da safe har kwana 14. Haba 'yan uwa, ban da cika na mako guda a zama ɗaya ana shirin shiga aji! Wanda aka cika da ka ba zai nuna miki komai ba, kanki kawai kika yaudara.

Darasi na 3: Ƙara barcin

Lokacin asuba ba ya jiran kowa, don haka lokacin kwanciya za ki matso da shi. Kada ki yi tsalle daga 12 zuwa 9 a dare ɗaya, idonki zai bushe. Matso da minti 15 zuwa 30, ki riƙe shi kwana uku, ki sake matsowa.

Ajiye waya nesa da gado awa ɗaya kafin kwanciya. Fim da hirar WhatsApp su ne suka fi cinye dare, kowa ta sani. Daga la'asar a bar shayi, kofi, goro da baƙin lemon kwalba, domin sinadarin hana barci da ke cikinsu yakan daɗe awoyi a jiki. Ɗaura gidan sauro. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma a yi ta kafin la'asar. Da safe ki fita tsakar gida hasken rana ya same ki.

Darasi na 4: Mai jego

Ki kwanta idan jariri ya yi barci. Wanki ya jira, ko a roƙi wata a gida ta taimaka.

Darasi na 5: Zuwa asibiti

Idan ƙunci ya kai mako biyu kusan kullum, abin da kike so a da ya daina yi miki daɗi, ko kina barci fiye da kima amma gajiya ba ta sake ki, ƙara barci kaɗai ba zai isa ba. Je asibiti mafi kusa, ki tafi da littafinki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da ke Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri. Wadda tunanin kashe kanta ya zo mata a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai. Kada a sayi ƙwayar barci a kemis ba tare da takardar likita ba.