Babi na Tara: Yadda Ake Dafa Kinwa

Darasi na ɗaya: Mece ce kinwa?

Kinwa 'yar ƙwaya ce kamar gero, amma ita dangin alayyahu ce. Manoman tsaunukan Andes a ƙasashen Peru da Bolibiya da ke Kudancin Amurka sun yi shekaru dubbai suna nomanta. A jikin leda za ku ga an rubuta quinoa. Kada harafin farko ya ba ku tsoro, ba ya cikin haruffan Hausa. Ku ce kinwa kawai.

A cikin giram 100 na ɗanyarta akwai kusan giram 14 na furotin, wato abin da ke gina jiki, kusan ninki biyu na shinkafa. Tana kuma da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2013 domin ta.

Darasi na biyu: Wanki

Iyayena da 'yan'uwana, a nan ake faɗuwa. Kowace ƙwaya Allah ya lulluɓe ta da wani abu mai ɗaci da ke korar tsuntsaye a gona. Ido ba ya ganinsa, harshe ne ke ji.

Ku zuba kinwa a kwano, ku zuba ruwa, ku murza da tafin hannu. Za ku ga kumfa ya taso kamar an sa sabulu. Wannan kumfan shi ne ɗacin. Ku tsiyaye ta rariya mai ƙananan huda, ko ta tsabtataccen ƙyalle, don ƙwayar tana bin ruwa. Ku sake zuba ruwa, ku sake murzawa. Har yanzu da kumfa? To ku sake. Ba komai, duk wadda ta iya rege acca ta iya wannan.

Na ga ɗaliba a aji ta ɗauraye sau ɗaya ta ɗora tukunya. Da ta ɗanɗana sai ta yamutsa fuska ta ce, "Malama, abin nan ai magani ne!" Ba laifin kinwa ba ne. Sau nawa zan faɗa? Ɗauraya daban, wanki daban. Ko an rubuta a leda cewa an wanke, ku wanke. Kada ku ɗora wuta sai kumfa ya ɗauke gaba ɗaya. Wadda ta yi ganda, kuɗinta ta zubar, kuma kinwa ba ta da araha.

Darasi na uku: Dahuwa

Gwangwani 1 na kinwa, gwangwani 2 na ruwa, da gwangwani iri ɗaya za ku auna. Ku sa ɗan gishiri. Idan ta tafasa ku rage wuta, ku rufe minti 15. In kun ga wani farin zare ya lanƙwaso daga jikin ƙwayar, ta nuna. Ku sauke, ku bar ta a rufe minti 5. Kun dai wanke ko?

Darasi na huɗu: Ci

A ci da miya ko da wake, kamar shinkafa.