Gwajin renin ga mai hawan jinin da ya ƙi sauka: yaushe ake yinsa, kuma yaya ake shirya masa

Idan mutum yana shan maganin hawan jini iri uku, ciki har da mai sa fitsari, kuma awon bai sauko ƙasa da 140/90 ba, lokaci ya yi da za a duba ƙodarsa da abin da take fitarwa. Ɗaya daga cikin abubuwan nan shi ne renin.

Renin sinadari ne da wasu ƙwayoyin halitta a jikin ƙananan jijiyoyin ƙoda suke saki cikin jini. Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman ne suka gano shi a Suwidin a 1898, da suka yi wa zomaye allurar ruwan da suka tatso daga ƙoda suka ga jininsu ya hau. Ƙoda tana sakinsa idan jinin da ke zuwa mata ya ragu, ko gishirin jiki ya yi ƙasa, ko jiki ya shiga firgici. Aikinsa guda ne: ya datse wani furotin da hanta ke kerawa ya mayar da shi anjiyotensin na ɗaya. Wani sinadarin, wanda ya fi yawa a huhu, ya juya wannan zuwa anjiyotensin na biyu. Shi ne mai matse jijiyoyin jini, mai sa ƙishirwa, mai kuma umartar adirenal, ɗan ƙullutun da ke zaune a kan kowace ƙoda, ya fitar da aldosteron. Aldosteron kuwa yana riƙe gishiri da ruwa, yana zubar da fotasiyam, wani sinadarin da ke cikin jini, ta fitsari. Ga wanda zawo ko zubar jini ya ƙarar da ruwan jikinsa, wannan tsari ne ke ceton rai.

Ba a gwada renin shi kaɗai. Tare da aldosteron ake aunawa a kwatanta su. Waɗanda ya kamata su nemi gwajin su ne mai hawan jinin da ya gagari magani uku, wanda fotasiyam ɗinsa yake ƙasa, wanda hoto ya nuna masa ƙari a adirenal, da wanda cutar ta kama shi da ƙuruciya ko wani ɗan gidansu ya samu shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 40.

Shirin ya fi ɗibar jinin wahala, kuma a nan ake yawan ɓata sakamako. Da farko a auna fotasiyam; idan yana ƙasa a gyara shi zuwa kusan 4.0, domin ƙarancinsa yana danne aldosteron ya ɓoye cutar yawan aldosteron da ake nema. Kada a rage gishiri a kwanakin da ke gaban gwajin, a ci abinci yadda aka saba, tun da ƙaurace wa gishiri yana ɗaga renin. Sai magunguna. Spironolactone da eplerenone da amiloride da masu sa fitsari suna ɗaga renin, kuma tasirinsu yana ɗaukar kusan mako 4 kafin ya gushe. Lisinopril da losartan da 'yan uwansu su ma suna ɗaga shi. Atenolol da methyldopa da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna danne shi, sai sakamako ya nuna cutar da babu ita. Waɗannan, tare da su lisinopril da losartan, mako 2 suke buƙata. Kada majiyyaci ya dakatar da ko ɗaya da kansa. Likita ne zai musanya su da waɗanda ba sa taɓa awon sosai, kamar verapamil ko doxazosin ko hydralazine, ko ya yi gwajin a kan maganin ya karanta sakamakon da sanin haka. A je asibiti da kwalayen duk abin da ake sha, har na gargajiya da ƙwayar tazarar haihuwa.

Ranar gwaji, a ɗebi jinin da hantsi, bayan mutum ya tashi daga shimfiɗa da aƙalla awa 2, ya kuma zauna minti 5 zuwa 15. Kwanciya tana sauke renin, tsayuwa tana ɗaga shi, shi ya sa ake rubuta yanayin da aka ɗiba a takarda. Ga ma'aikacin ɗakin gwaji: kwalbar EDTA ake amfani da ita, kuma kada a sa ta cikin ƙanƙara ko firji. Sanyi irin wannan, wanda bai kai ga daskarewa ba, yana farkar da renin ɗin da bai fara aiki ba, awon ya yi sama a banza. A bar ta a yanayin ɗaki, a raba ruwan jinin cikin rabin awa, a daskarar da shi nan take. Inda wuta ke yawan ɗaukewa ko za a tura samfurin wani gari, a tabbatar ya isa a daskare.

Idan renin ya yi ƙasa aldosteron ya yi sama, ana zargin cutar da Jerome Conn ya bayyana a Amurka a 1955, inda adirenal ke aiki ba da umarnin ƙoda ba. Za a ƙara gwajin tabbatarwa da hoto. Idan adirenal na gefe ɗaya ne, tiyata tana iya warkarwa, idan biyu ne spironolactone yana aiki. Idan renin da aldosteron duka sun yi sama, a duba ko jijiyar da ke kai wa ƙoda jini ta tsuke.

Idan renin yana ƙasa kuma aldosteron bai wuce kima ba, wannan shi ne yanayin da aka fi samu a baƙar fata, kuma yana da muhimmanci ko ba a samu damar gwaji ba. Jiki ne ke riƙe gishiri, don haka maganin da ke tare hanyar renin, kamar lisinopril shi kaɗai, ba ya sauke jinin yadda ake so. Binciken da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi haɗin perindopril, ɗan uwan lisinopril, da hydrochlorothiazide mai sa fitsari sauke jini. Rage gishiri ma yana tasiri ƙwarai ga irin waɗannan mutane: ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, tare da lissafa dunƙulen miya da kanwa, waɗanda duka suna ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri.

Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda yana iya buƙatar lisinopril ko losartan duk da haka, don suna kare ƙoda. A auna kiriyatinin, awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, da fotasiyam mako 1 zuwa 2 bayan farawa. Hawan kiriyatinin da ya wuce kashi 30 cikin 100 alama ce ta koma wa likita. Mai juna biyu ba ta shan su ko kaɗan. Kumburin leɓe ko harshe na nufin a daina a tafi asibiti a lokacin. Ranar da amai ko zawo ya kama mutum, musamman da zafin bazara ko cikin azumi, haɗa lisinopril ko losartan da mai sa fitsari da diclofenac yana iya tsayar da ƙoda, domin an toshe mata duk hanyoyin da take kare kanta. A tuntuɓi likita ranar, kafin a sha ƙwaya ta gaba.