Yadda na fara sayar da rarar wutar sola a Birtaniya

Tun da na kafa sola a rufin gidana a Bradford, da rana wuta takan yi mini yawa, ragowar ta koma layin gari a banza.

Tsarin da ke biyan kuɗinta sunansa Smart Export Guarantee, ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2020, hukumar makamashi ta Ofgem ke kula da shi. Duk kamfanin wuta mai kwastomomin gida 150,000 ko fiye dole ya saya, amma shi ke yanke farashi. Don haka ka zaga kasuwa tukuna, ba lallai mai ba ka wuta ya zama mai sayen taka ba.

Za su nemi takardar MCS, wato shaidar ingancin aikin sola da za ka karɓa daga wanda ya yi maka aikin, da mita mai ƙidaya abin da ka fitar duk rabin awa. Takardar nan ka adana ta kamar fasfo, ni sai da na yi mako uku ina neman tawa.

Batir kuwa, tun Fabrairun 2024 an cire masa harajin VAT. Da nawa nake tara wutar rana in kunna da magariba, don kuɗin da suke biyana bai kai wanda nake saye ba.