Yadda za ki yi magana da mai shakkar rigakafin yara

Kafin ki shiga gida a Gadarif ko Mai Wurno, nan Sudan, da maganar rigakafi, ki san wa ke da ta cewa a kan jaririn. Sau da yawa kaka ce ko maigida, uwar bin umarni take yi. Ni ungozoma ce, kuma wurin kaka nake fara zama. Ki gaishe ta, ki sha jabana, wato gahawa, idan an kawo, sannan ki ce, “Hajiya, me kika ji game da allurar nan?” Ki bar ta ta kai aya.

Da wuya a gama ba a ambaci Kano ba, don duk nisanmu da can, labarin dangi yana iso mu. Kada ki musa abin da ya faru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Wanda ya san wannan yana da hujjar tsoro. Abin da za ki fayyace mata shi ne, Trovan magani ne da aka ba yaran da ciwo ya riga ya kwantar, ba rigakafi ba ne. Daga nan ki kawo 2003, da Kano ta dakatar da ɗigon shan inna saboda jita-jitar yana hana haihuwa, har sai da aka kawo na Indunusiya a 2004. A sanadin haka cutar ta tsallako Sudan a 2004, ta kai Yaman a 2005. 'Yan matan da aka ɗiga wa a shekarun nan fa, yau su ne muke karɓar haihuwarsu. Wannan ta fi kowace takarda shiga kunnen kaka, don da idonta ta gani.

Maigida kuwa tambayarsa ita ce, “An gwada shi?” Ki ba shi misali ɗaya. A 1999 Amurka ta janye wani rigakafin gudawar yara bayan an lura yana sa hanjin wasu jarirai ya naɗe cikin kansa. Biyun da suka zo bayansa, kowanne sai da aka gwada shi a kan jarirai fiye da 60,000 kafin a ba shi izini. Irin wannan ne Sudan ta fara bayarwa a 2011.

Idan ya nuna miki bidiyon WhatsApp mai cewa allurar ƙyanda na jawo galahanga, wato yaro ya daina magana da kula mutane, ki gaya masa tushen zancen. Wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa shi a 1998 a kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar The Lancet ta janye rubutun, aka kuma ƙwace lasisinsa. A Denmak an bi yara sama da 650,000 tsawon shekaru, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wata alaƙa ba.

Abin da na fi roƙonki, kada ki ce wa uwa “babu komai.” Akwai zazzaɓi, akwai kumburi da kuka na kwana ɗaya ko biyu. Allurar tarin fuka tana yin ɗan ƙurji a dantse, ta bar tabo. Zazzaɓin ta ƙyanda yakan zo bayan mako guda, kuma uwar da ba a faɗa wa ba takan ɗauka an cuce ta, ba za ta sake kawo shi ba. Mummunan borin jini yana faruwa ga kusan ɗaya cikin miliyan, shi ya sa ake cewa a ɗan zauna bayan allura. Idan yaro ya ƙi nono, ya yi jijjiga, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, iyalai da yawa sun iso Gadarif ba katin rigakafi. Ki tambayi uwar abin da ta tuna, ki duba dantsen yaron ko akwai tabo, ki kai su cibiyar lafiya mafi kusa a buɗe sabon kati. Wanda ya tsallake wata allura ba a komawa da shi farko, daga inda ya tsaya ake ci gaba.